Haske Ya Wuce, Zafi Ya Tsaya: Nazarin Kayan Tare Zafi Masu Ratsa Haske a Tagogin Gine-gine

Tsakure

Wannan maƙala ta duba kayayyakin da masana suka ƙirƙiro domin taga ta bar haske ya shiga ɗaki, ta kuma hana zafi wucewa. Ta bi diddigin iri biyar: gilashi mai ruɓi biyu ko uku, gilashin da aka zuƙe iskar tsakaninsa, faifan saƙar zuma, erojel, da katako mai ratsa haske. An bayyana yadda kowanne ke aiki, da inda ya samo asali, da abin da ke hana shi yaɗuwa. Maƙalar ta nuna cewa an kawo kusan dukkansu jikin gini ne don biyan buƙatar ƙasashen sanyi, wato tsare ɗumin ɗaki kada ya fice. Da aka kwatanta taga a birnin sanyi da taga a birni irin Kano ta hanyar lissafi, sai aka ga cewa a ƙasar zafi, abin da rana ke zubowa ta gilashi kan ninka wanda zafin iska ke turowa kusan sau shida. Saboda haka, a ƙasar zafi inuwa da tace hasken rana ne ke kan gaba, tare zafi ya biyo baya.

1.0 Gabatarwa

Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa gudanar da gine-gine, wato ɗumama su da sanyaya su da haskaka su da sauran hidimomin cikinsu, yana cin kusan kashi 30 cikin 100 na makamashin da ake amfani da shi a duniya. A cikin ginin kuwa, taga ce wurin da ya fi rauni. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce zafin da ke shiga da wanda ke fita ta tagogi shi ke jawo kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na makamashin da gidajen ƙasar ke kashewa wajen ɗumamawa da sanyayawa.

Tushen matsalar yana cikin yadda kayan tare zafi ke aiki. Ulu da auduga da soson roba da audugar gilashi duk dabararsu ɗaya ce: suna kulle iska cikin ƙananan ramuka don ta kasa motsi, ita kuwa iska idan ta tsaya cik ba ta iya ɗaukar zafi sosai. Sai dai duk inda haske ya fita daga iska ya shiga wani jiki, ko ya fita daga jikin ya koma iska, wani ɓangarensa kan karkace. Idan aka tara dubban irin waɗannan iyakoki, haske ya watse ke nan, ba a ganin komai. Shi ya sa audugar gilashi, wadda asalinta ɗaya da gilashin taga, ba a hango kome ta cikinta. Ramukan da ke tare zafi su ne kuma ke tare gani.

Ana buƙatar taga ta cika sharuɗɗa huɗu a lokaci guda: ta tare zafi, ta bar haske ya shiga, ta bar mutum ya ga waje garau, sannan ta yi shekaru 25 ko fiye ba ta lalace ba, a kan farashin da mai gini zai iya biya. Tarihin wannan fanni tarihi ne na ƙoƙarin haɗa huɗun nan.

2.0 Hanyoyin Zafi da Ma'aunansu

Zafi na ratsa taga ta hanyoyi uku. Ta farko ita ce ratsa jiki, inda zafi ke bin gilashi ko firam daga ɓangare mai zafi zuwa mai sanyi. Ta biyu ita ce zagayen iska: iskar da ta ɗau zafi ta tashi sama, mai sanyi ta sauko, su riƙa jigilar zafi daga wannan fuska zuwa waccan. Ta uku ita ce huci, wato zafin da kowane abu mai ɗumi ke fitarwa a matsayin hasken infirared da ido ba ya gani.

Ana haɗa ukun nan a ma'auni ɗaya da ake kira ƙimar U. Ita ce adadin wat na zafi da ke ratsa murabba'in mita ɗaya na taga idan bambancin zafin ciki da waje digiri ɗaya ne. Ƙarancinta shi ne kyanta. Gilashi falle ɗaya na da ƙimar U kusan 5.8, yayin da bangon da aka yi wa rufin tare zafi mai kyau a Turai ke tsakanin 0.15 da 0.3.

Akwai ma'auni na biyu, ƙimar g, wato kason zafin rana da ke faɗa wa taga har ya ƙare a cikin ɗaki. Gilashi fari falle ɗaya na da kusan 0.85. Na uku shi ne kason hasken da ido ke gani da ke wucewa. Na huɗu shi ne hazo, wato kason hasken da ya wuce amma ya watse. Tagar da ake leƙe ta cikinta na son hazonta ya tsaya kusan kashi 1 cikin 100; idan ya haura sosai, sai gani ya zama dishi-dishi.

Wani abin lura shi ne, a taga mai falle ɗaya, ba gilashin ne ke tare zafi ba. Siririyar iskar da ke manne da fuskokinsa biyu ita ke yin kusan dukkan aikin. A ma'aunin turjiya ga zafi, iskar fuskokin biyu na bayar da kusan 0.17, gilashi mai kaurin milimita 4 kuwa 0.004 kawai. Ƙara wa gilashi kauri ba ya sauya kome a zahiri. Wannan lissafi zai yi amfani idan an zo maganar katako.

3.0 Gilashi Mai Ruɓi da Gilashin da Aka Zuƙe Iskarsa

Tunanin haɗa gilashi biyu da iska a tsakani tsoho ne. Thomas Stetson ya yi rajistarsa a Amurka a 1865, amma sai a shekarun 1940 kamfanin Libbey-Owens-Ford ya watsa shi a kasuwa da sunan Thermopane. Wannan ya sauko da ƙimar U zuwa kusan 2.8. Ba a iya ci gaba da faɗaɗa tsakanin don ƙarin amfani, domin da zarar ya wuce milimita 16 ko makamancin haka, iskar ciki kan fara zagaye ta cinye ribar.

A irin wannan taga, kusan kashi biyu cikin uku na zafin da ke tsallaka tsakanin huci ne ke ɗauke da shi. Bayan tashin farashin man fetur na 1973, masu bincike, ciki har da na ɗakin binciken Lawrence Berkeley a Kalifoniya, suka mai da hankali a nan. Sakamakon shi ne shafe mai rage huci: siririn shafen azurfa mai kaurin kusan nanomita 10, wanda haske ke ratsawa amma yana mayar da infirared baya. Gilashi tsura na fitar da huci a kan ma'aunin 0.84, da shafen azurfa sai ya sauko zuwa 0.04 ko ƙasa. Irin waɗannan tagogi sun shiga kasuwa a farkon shekarun 1980. Idan aka cika tsakanin da iskar agon, wadda ba ta kai iskar da muke shaƙa ɗaukar zafi ba, ƙimar U kan sauko zuwa kusan 1.1. Da falle uku kuma ta kai 0.5 zuwa 0.7. Tsarin gidaje masu ƙarancin buƙatar ɗumamawa da Wolfgang Feist ya fara gwadawa a Darmstadt ta Jamus a 1991 ya gindaya wa taga sharaɗin kada ta wuce 0.8.

Kowane allazi da nasa amanu. Falle uku na da nauyi da kauri, ba ya shiga tsohon firam, kuma kowane ƙarin falle na rage haske. Agon ma na sulalewa a hankali. Ƙa'idar Turai ta yarda da asarar da ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba a shekara. Idan liƙin gefe ya buɗe, raɓa ta taru a ciki, tagar ta tashi daga aiki.

Wata hanyar ita ce a cire iskar baki ɗaya. An nemi rajistar wannan tunani a Jamus tun 1913 da sunan Zoller, amma ba a yi nasarar ƙera shi ba sai a 1989, a hannun Richard Collins da abokan aikinsa na Jami'ar Sidni a Ostireliya. Kamfanin Nippon Sheet Glass na Japan ya fara sayar da shi da sunan Spacia a rabin ƙarshe na shekarun 1990. Tsakanin gilasan biyu bai wuce milimita 0.2 ba, kuma duk kaurin tagar kusan milimita 6 ne. Wahalar ita ce, da zarar an zuƙe iskar ciki, iskar waje na danna kowace murabba'in mita da nauyin kusan tan 10. Don haka ake jera ƙananan ginshiƙai masu faɗin kusan rabin milimita, a bar santimita 2 zuwa 4 tsakaninsu. Su ginshiƙan da liƙin gefe su ne suka zama sabbin hanyoyin zafi. Duk da haka, na zamani na kaiwa ƙimar U 0.4 zuwa 0.7, kuma siranta ta sa ake son sa wajen gyaran tsofaffin gine-ginen tarihi da ba a yarda a canza firam ɗinsu ba. Tsada ce babban cikas, sannan ba a yanka shi a wurin aiki; sai an yi odarsa daidai da awon taga.

4.0 Saƙar Zuma da Bango Mai Shan Rana

Hanya ta uku ba daga tagogi ta fito ba, daga na'urorin tara zafin rana ta fito. A 1961 Giovanni Francia na Italiya ya nuna cewa idan aka jera siraran bututu a tsaye a kan faranti mai shan rana, haske zai bi ta cikinsu ya shiga, amma iska mai zafi za ta rasa filin zagaye. K. G. T. Hollands ya faɗaɗa nazarin wannan tsari mai siffar saƙar zuma a 1965. Hikimar ita ce bangon ramukan na miƙe ne daidai da hanyar haske, don haka ko hasken ya bugi bango, gaba yake ci, ba baya yake komawa ba.

Cibiyar Fraunhofer ta binciken makamashin rana, wadda Adolf Goetzberger ya kafa a Freiburg a 1981, ita ta ɗauko wannan fasaha ta kawo jikin gini. Ana shafa wa bangon bulo baƙin fenti a fuskar da ke kallon kudu, a ɗora masa faifan saƙar zuma na roba mai kaurin kusan santimita 10, a rufe da gilashi. Rana ta ratsa ta gasa bango, zafin ya kasa komawa waje, sai ya bi bango a hankali ya isa ɗaki bayan sa'o'i, wato da yamma lokacin da ake buƙatarsa. Wannan ci gaba ne a kan bangon da Félix Trombe da Jacques Michel suka gina a Odeillo ta Faransa a 1967. An yi amfani da tsarin a ɗakunan kwanan ɗalibai na Jami'ar Strathclyde da ke Glasgow a ƙarshen shekarun 1980, da kuma gidan gwaji na Freiburg da aka kammala a 1992, wanda ya dogara da rana kaɗai ba tare da layin lantarki na gari ba.

Fasahar ta yi aiki, amma ba ta kama kasuwa ba, kuma dalilin na da muhimmanci ga abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa. Bangon da ke ɗumama gida a Janairu shi ne ke gasa shi a Yuli. Dole aka riƙa haɗa shi da labule na inji mai sauka da kansa, wanda ya ƙara tsada da yawan gyara. Da gilashi mai ruɓi uku da rufin bango mai kauri suka yi araha, sai masu gini suka koma can. Ko a Jamus, inda bazara ba ta da tsanani, kayan da ke barin rana ta shiga su hana zafinta fita sun zama matsala na rabin shekara.

5.0 Erojel

Samuel Kistler ne ya fara haɗa erojel, ya wallafa sakamakonsa a mujallar Nature a 1931, lokacin yana koyarwa a Stockton ta Kalifoniya. Tambayarsa ita ce ko za a iya cire ruwan da ke cikin daskararren kunun silika a bar ƙashinsa a tsaye. Idan aka bar shi ya bushe da kansa, ruwan da ke janyewa daga ƙananan ramuka kan jawo bangonsu ya rufta. Kistler ya kauce wa haka ta hanyar ɗaga zafi da matsi har zuwa matakin da babu sauran bambanci tsakanin ruwa da tururi, sannan ya saki tururin a hankali. Abin da ya rage jiki ne mai ƙarfin tsayawa da kansa, wanda fiye da kashi 90 cikin 100 na cikinsa iska ce.

Abin mamaki game da erojel shi ne ya fi iska mai tsayawa cik tare zafi. A ma'aunin ɗaukar zafi, gilashi na da kusan 1.0, audugar gilashi 0.035 zuwa 0.040, iska 0.026, erojel na silika kuwa 0.013 zuwa 0.020. Dalilin shi ne girman ramukansa. Ƙwayar iska kan yi tafiyar kusan nanomita 70 kafin ta yi karo da 'yar'uwarta, kuma ta wannan karo ne zafi ke wucewa daga ƙwaya zuwa ƙwaya. Ramukan erojel sun fi wannan tazara ƙanƙanta, yawanci nanomita 50 ko ƙasa, don haka ƙwayar ta fi yin karo da bangon rami fiye da 'yan'uwanta. Ana danganta wannan da sunan masanin Danmak Martin Knudsen.

Ƙanƙantar ramukan ce kuma ta warware matsalar da aka ambata a gabatarwa. Tsawon zangon hasken da ido ke gani na tsakanin nanomita 400 da 700, ya ninka ramukan sau da yawa, don haka yawancinsa na wucewa kamar ba su nan. Ɗan abin da ke watsewa ya fi yawa a ɓangaren shuɗi, shi ya sa erojel ke da launin hayaƙi mai shuɗi-shuɗi. Muddin aka sami 'yan ramuka ko guntaye da suka fi sauran girma, hazo ya ƙaru. Yaƙin da masu bincike ke yi tun shekarun 1980 shi ne daidaita girman ramukan.

Ƙera shi ma ya sha wuya. Hanyar Kistler na cin makonni. Stanislas Teichner na Lyon a Faransa ya gajarta ta a ƙarshen shekarun 1960, amma busarwar na buƙatar sinadarin metanol a zafin kusan digiri 240 da matsi mai yawa. A 1984 wata masana'antar gwaji a Suwidin ta yi bindiga saboda yoyon wannan sinadari. A tsakiyar shekarun 1980 rukunin Arlon Hunt a Lawrence Berkeley ya nuna cewa za a iya busarwa da iskar kabon dayoksaid, wadda ke kai matakin da ake so a digiri 31 kacal kuma ba ta kama wuta. 

A gini, erojel ya kasu biyu. Akwai na tsaki-tsaki da ake ɗurawa tsakanin faifan gilashi ko roba, irin Lumira na kamfanin Cabot. Wannan yana barin haske mai laushi ya shiga amma ba a gani ta cikinsa, don haka ya dace da rufin sama da manyan zauruka. Da irinsa aka yi babbar tagar tashar bincike ta Birtaniya, Halley VI, da aka buɗe a Antatika a 2013. Sai kuma na falle guda, wanda shi ne ake fatan ya shiga taga. Lissafi ya nuna falle mai kaurin milimita 15 tsakanin gilashi biyu zai ba da ƙimar U kusan 0.85, ba tare da agon ko falle na uku ba. Amma yana da saurin fashewa, yana shan danshi idan ba a yi masa magani ba, kuma girman tukunyar matsin da ake busar da shi ita ke iyakance girman fallen.

An samu ci gaba a 'yan shekarun nan. Kamfanin AeroShield, wanda ya fito daga ɗakin binciken Evelyn Wang a jami'ar MIT, yana ƙera siraran fallayen silika masu ƙarancin hazo don sakawa cikin gilashi mai ruɓi biyu. A 2023 rukunin Ivan Smalyukh na Jami'ar Kolorado a Boulder ya wallafa a mujallar Nature Energy wani erojel da aka yi da zaren selulos na itace, aka yi masa maganin ƙin ruwa. Yana barin kashi 97 zuwa 99 cikin 100 na haske ya wuce, hazonsa kusan kashi 1, kuma yana lanƙwasuwa. Ya fi gilashi barin haske, domin gilashi na mayar da kusan kashi 4 cikin 100 a kowace fuska, shi kuwa kusan duk iska ne. Manufar ita ce a manna shi a tsofaffin tagogi masu falle ɗaya ba tare da an cire su ba. Saura a ga yadda zai jure shekaru cikin rana da ruwa, da kuma nawa zai tsaya idan an fita daga ɗakin gwaji.

6.0 Katako Mai Ratsa Haske

Siegfried Fink ya bayyana yadda ake mai da katako mai ratsa haske a 1992, sannan a 2016 rukunin Lars Berglund a cibiyar KTH ta Suwidin da na Liangbing Hu a Jami'ar Maryland suka farfaɗo da batun. Ana cire liginin, sinadarin da ke ba katako launi, a cika ramukan da roba mai garau. Siririn falle na itacen balsa na barin kusan kashi 85 cikin 100 na haske, amma hazonsa kan kai kashi 70. Ba ya tarwatsewa kamar gilashi, kuma ɗaukar zafinsa kan sauko zuwa kusan 0.2, wato ɗaya bisa biyar na gilashi.

Wannan adadi na burgewa, amma lissafin sashe na biyu ya rage masa armashi. Falle mai kaurin milimita 4 zai ba da turjiya 0.02, a haɗa da 0.17 na iskar fuskoki, ƙimar U ta sauko daga 5.8 zuwa kusan 5.3 kawai. Tunda an cika ramukansa da roba, babu sauran iskar da za ta tare zafi. Amfaninsa na wajen watsa haske da juriya, ba wajen tare zafi ba.

7.0 Taga a Birnin Sanyi da Taga a Birnin Zafi

A ɗauki murabba'in mita ɗaya na taga a misali biyu. A birnin sanyi, waje na digiri 5 ƙasa da sifiri, ɗaki na digiri 20, bambanci 25. Gilashi falle ɗaya zai zubar da wat 145, dare da rana. Taga mai ƙimar U 1.0 za ta zubar da wat 25. Duk ranar da ta leƙo kuma riba ce. A nan babu gardama: tare zafi shi ne magani.

A misali na biyu, ɗaki ne a Kano cikin Afrilu, waje digiri 40, na'urar sanyaya ɗaki ta riƙe ciki a 25, bambanci 15. Tagar na kallon yamma, a ƙaddara ranar la'asar na zuba mata wat 600. Da gilashi falle ɗaya, wat 87 zai ratso saboda zafin iska, wat 510 kuma daga rana, jimla 597. Idan aka sa tagar erojel mai ƙimar U 1.0 da ƙimar g 0.7, za a sami 15 da 420, jimla 435. Idan aka sa gilashi mai ruɓi biyu da shafen tace rana, mai U 1.6 da g 0.28, za a sami 24 da 168, jimla 192. Idan kuwa aka bar gilashin falle ɗaya amma aka yi masa inuwa daga waje, har abin da ke isa gare shi ya sauko zuwa wat 150, za a sami 87 da 128, jimla 215. Inuwar da kafinta ko maƙeri zai iya yi ta fi tagar erojel rage zafi fiye da ninki biyu.

Shafen tace rana na iya yin haka ne saboda kusan rabin makamashin rana na zuwa a matsayin infirared da ido ba ya gani. Shafen azurfa mai hawa biyu ko uku na korar wannan rabi ya bar yawancin hasken gani. Baƙin gilashi da ake yayi ba haka yake ba: yana shanye rana ne, ya yi zafi, ya huro wani ɓangare ciki, ga shi ya duhunta ɗaki har a kunna fitila da rana.

A ɗakin da babu na'urar sanyayawa, lamarin ya fi haka. Taga mai barin rana ta shiga ta hana zafi fita za ta mai da ɗaki kamar motar da aka rufe gilasanta a tsakar rana. Da dare kuma, lokacin da waje ya fi ciki sanyi, buɗe taga ake so.

Matsayin rana ma na taimakawa. Kano na kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, rana na bi ta tsakar ka wajen ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta. Ɗan ƙaramin baranda ya isa ya kare tagogin kudu da arewa. Na gabas da yamma ne ke da wuya, sai kuma rufi, wanda ya fi kowane sashe shan rana. Maginan gargajiya da ke yin bangon tubali mai kauri da ƙananan tagogi can sama sun daɗe da bin wannan lissafi. Kundin ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da Nijeriya ta ƙaddamar a 2017 ma hanyar ya bi: ya nemi tagogi kada su wuce kashi 20 cikin 100 na bango sai da inuwa, ya kuma wajabta rufin tare zafi a saman gini.

Wannan ba ya nufin kayan ba su da gurbi a ƙasar zafi. Suna da shi a duk inda ake son tara zafin rana, kamar na'urar dafa ruwa da ta busar da amfanin gona, inda saƙar zuma da erojel ke ɗaga zafin da ake samu. Suna da shi a ƙofofin gilashi na firjin kanti da ɗakunan ajiyar magani, inda bambancin zafi ke da yawa kuma babu rana. Suna kuma da shi a asibitoci da ofisoshin da ake sanyayawa dare da rana, muddin an haɗa su da shafen tace rana.

8.0 Kammalawa

Daga Stetson zuwa Smalyukh, an sauko da ƙimar U ta taga daga kusan 6 zuwa ƙasa da 1, kuma erojel na nuna alamar za a iya kai tsofaffin tagogi kusa da wannan mataki ba tare da an sauya su ba. Amma tambayar da aka amsa ta ƙasashen da ke kashe kuɗi wajen ɗumama gida ce. Rahoton Hukumar Makamashi ta Duniya na 2018 ya yi hasashen cewa na'urorin sanyaya ɗaki za su ƙaru daga biliyan 1.6 zuwa biliyan 5.6 kafin 2050, kuma yawancin ƙarin a ƙasashen zafi zai kasance. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Maƙalar na ba da shawarwari huɗu. Na ɗaya, masu zanen gini a ƙasashen zafi su bi jeri: fuskar da gini ke kallo, girman taga, inuwa daga waje, ƙimar g, sannan ƙimar U. Na biyu, hukumomin ƙa'idar kaya su wajabta wa masu shigo da gilashi rubuta ƙimar U da ƙimar g da kason haske tare, domin ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba. Na uku, sassan koyar da zanen gini da injiniyanci su gwada juriyar liƙin gefe da shafen azurfa a ƙarƙashin zafin bazara da ƙurar hunturu, tunda yawancin gwaje-gwajen da ake dogaro da su a wani yanayi aka yi su. Na huɗu, masu binciken erojel su nemi fallen da ke haɗa tare zafi da korar infirared na rana a jiki ɗaya, domin shi ne zai amfani gine-ginen da za a fi ginawa nan da 2050.